Tambaya da Amsa: Siyasar Waya da Siyasar Mazaɓa

Wasiƙun da suka zo wa wannan fili a 'yan makonnin nan da dama sun taɓo magana guda, wato rawar da intanet da kafafen sada zumunta ke takawa wajen tara jama'a a kan wata buƙata ta siyasa. Mun zaɓi guda huɗu, mun taƙaita su ba tare da canza manufar masu su ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kafin zaɓen 2023 duk wanda ya leƙa Twitter zai rantse cewa Peter Obi ya gama cin zaɓe, amma da aka ƙirga ƙuri'u sai ya zo na uku. Wannan bai nuna cewa siyasar soshiyal midiya hayaniya ce kawai ba? (Daga wani ɗalibi a Funtuwa, Jihar Katsina)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a yanke wannan hukunci ya kamata a duba alƙaluman da hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana. A zaɓen ranar 25 ga Fabrairun 2023, Bola Tinubu ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 8.8, Atiku Abubakar kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, sannan Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Obi ya shiga jam'iyyar Labour ne a watan Mayun 2022, lokacin da ba ta da gwamna ko guda ɗaya, kuma a ƙasa da shekara ɗaya ya lashe jihohi 11 da Birnin Tarayya, har ya kayar da Tinubu a Legas da ratar ƙuri'u kimanin dubu goma. Abin da ya haifar da wannan sakamako ba za a kira shi hayaniya kawai ba. Matasan da suka haɗu a waya sun tara kuɗi, sun shirya tattaki a birane, sun kuma matsa wa junansu lamba a kan karɓar katin zaɓe.

Sai dai akwai gaskiya a cikin maganarka, kuma abin da ya faru bayan mako uku ya fito da ita fili. A zaɓen gwamnoni na 18 ga Maris, jam'iyyar da ta ci Legas a zaɓen shugaban ƙasa ta sha kaye a jihar da rata mai yawa, ta kuma tashi da gwamna ɗaya tak a duk ƙasar, wato na Abiya. An yi ƙorafin tsoratar da masu zaɓe a wasu unguwannin Legas a ranar, kuma ba a raina wannan ƙorafi ba. Amma akwai wani dalilin da ya fi shi daɗewa. Nijeriya tana da rumfunan zaɓe sama da dubu 176 a cikin mazaɓu 8,809, kuma kowace rumfa tana buƙatar wakilin jam'iyya da zai tsaya tun daga lokacin da aka buɗe akwati har a sa hannu a takardar sakamako, wanda ya san mutanen layin da sunayensu, wanda kuma ba za a saye shi da kuɗin cefanen kwana biyu ba. Irin wannan mutum shekaru ake yi ana gina shi, ta hanyar zuwa suna da jana'iza da sasanta rigimar 'yan jam'iyya a ofishin mazaɓa.

Kano ta ba da misalin ɗaya ɓangaren. A wannan zaɓen Kwankwaso ya samu ƙuri'u kusan miliyan ɗaya a jihar, yayin da Obi bai kai dubu 30 ba, alhali ita ma NNPP, jam'iyyar da Kwankwaso ya tsaya takara a cikinta, mutane da yawa ba su san alamarta ba sai a 2022. Abin da ya ɗauke ta shi ne tsarin Kwankwasiyya da ya riga ya kafu a ƙananan hukumomi 44 na jihar, mai shugabanni a kowace mazaɓa da jar hula da kowa ke ganewa daga nesa. Magoya bayansa suna cikin waɗanda suka fi kowa zafi a Facebook, amma aikin da wayar ta yi musu shi ne hanzarta saƙo a tsakanin mutanen da da ma sun san juna: a koya wa tsohuwa inda za ta dangwala a kan takardar ƙuri'a, a sanar da lokacin taro, a ɗauki hoton sakamakon akwati a tura zauren WhatsApp kafin a kai shi cibiyar tattarawa. Tsohon taken nan na 'yan adawar Arewa, "a kasa, a tsare, a raka", ya girmi WhatsApp, wayar ta dai sauƙaƙa rakiyar ne.

Kuskuren da yawancin masu sharhi ke yi shi ne auna ra'ayin ƙasa da Twitter, wadda yanzu ake kira X. Wannan dandali ne na 'yan boko da 'yan jarida da mazauna manyan birane, kuma yawanci da Turanci ake magana a cikinsa. A ƙasar Hausa siyasar waya ta fi tafiya da murya. Ka tsaya a teburin mai shayi da daddare za ka ga waya ɗaya a tsakiyar mutum takwas, an ƙure mata sauti ana jin wani yana bayani na minti biyar a saƙon murya, ko ana kallon guntun bidiyon da aka yanko daga shirin siyasa na gidan rediyo. Wanda ba shi da data zai kai katin wayarsa wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa a zuba masa sabuwar waƙar ɗan takara, matar da ke cikin gida kuma za ta ji abin da ƙaninta ya turo mata tana tsaka da aikinta. Babu wata na'urar ƙirga mabiya da ke ganin waɗannan mutane, kuma su ne ke shiga layi tun da asuba. A tuna kuma cewa daga cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa, abin da ke nuna cewa duk zafin muhawarar da aka yi a waya bai fitar da mafi yawan masu rajista daga gidajensu ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun buɗe zauren WhatsApp na mutanen unguwarmu domin mu matsa wa ƙaramar hukuma ta gyara mana asibitin sha-ka-tafi da rufinsa ya yaye. Mun fi mutum ɗari biyu a ciki, kullum ana ta rubutu, amma ranar da aka sa za a je sakatariya mutum shida ne suka fito. Ina matsalar take? (Daga wata malamar makaranta a Gusau, Jihar Zamfara)

Amsa: Malama, barka kadai, kuma Allah ya saka da alheri a kan wannan ƙoƙari. Abin da ya same ku ya samu ƙungiyoyin da suka fi taku girma nesa ba kusa ba. Shiga zaure ba ya cin komai, sau da yawa ma wani ne ya jefa mutum ciki ba tare da ya nema ba, alhali zuwa sakatariya yana cin kuɗin mota da wunin aiki, yana kuma iya jawo wa mutum baƙin jini a wurin kansila ko shugaban ƙaramar hukumar da wataƙila yake neman wata alfarma a hannunsa. A cikin mutum ɗari biyu kowa yana zaton sauran za su je, kuma babu wanda zai lura da rashinsa. Mutum yakan fita ne idan wanda yake jin nauyinsa ya kira sunansa ya ce masa gobe da ƙarfe tara zan biyo maka.

Ki kwatanta gangami biyu da aka yi a ƙasar nan. EndSARS ta watan Oktoban 2020 ta tashi ne daga bidiyon da aka yaɗa na cin zarafin da ake zargin 'yan sandan rundunar SARS ta yaƙi da fashi da aikatawa, kuma cikin 'yan kwanaki ta cika titunan Legas da Abuja da wasu birane, har Sufeto Janar na 'yan sanda ya sanar da rusa rundunar ranar 11 ga watan. An tara gudummawa ta intanet aka biya lauyoyi da kuɗin asibiti da abinci, kuma da aka fara samun cikas da bankuna sai masu tarawar suka koma karɓar kuɗin intanet na Bitcoin. Masu zanga-zangar sun yi alfahari da cewa ba su da shugaba, domin kada a saye shi ko a kama shi. Wannan ya kare su ta wani ɓangare, amma da aka zo gaɓar da ake buƙatar wanda zai zauna da gwamnati ya karɓi alƙawari a rubuce, ya kuma ce wa jama'a a koma gida a jira, sai aka rasa mai wannan iko. Bayan harbin da aka yi a mashigar Lekki da ke Legas ranar 20 ga Oktoba gangamin ya watse, daga baya kuma Babban Bankin Nijeriya ya samu umarnin kotu na rufe asusu 20 da aka danganta da shi.

Gangamin Not Too Young To Run bai taɓa yin irin wannan amo ba, amma ya canza kundin tsarin mulki. Ƙungiyar YIAGA da abokan tafiyarta sun fara ne a 2016 da buƙata ɗaya da za a iya rubutawa a layi biyu, wato a rage shekarun tsayawa takara. Sun samu 'yan majalisar da suka gabatar da ƙudurin, kuma da yake gyaran tsarin mulki yana buƙatar amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 daga cikin 36, sai suka sa wakilai a jihohi suna bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, suna amfani da kafafen sada zumunta wajen yaba wa wanda ya goyi baya da kunyata wanda ya ƙi. Ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu, aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. Ko a zanga-zangar tallafin mai ta Janairun 2012, lokacin da matasan Kano suka mamaye shataletalen Silver Jubilee suna kiran juna ta Facebook da BlackBerry, yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC ne ya tilasta aka zauna, aka sauko da litar fetur daga kimanin naira 141 zuwa 97.

Shawarata gare ku ita ce ku bar babban zauren a matsayin allon sanarwa, ku fitar da mutum goma ko goma sha biyu da za su riƙa haɗuwa ido da ido, a cikinsu har da wanda mai unguwa da limami ke sauraro, da wata daga cikin matan da ke zuwa awo a asibitin, domin su ne suka fi kowa sanin halin da yake ciki. Kowane ɗaya ya ɗauki nauyin gidaje biyar da zai bi da ƙafarsa. Ku rubuta takarda mai kwanan wata da buƙata guda, wato rufin, kada ku haɗa da hanya da rijiyar burtsatse da rashin malamai, sannan ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Idan wata ya wuce ba a ce komai ba, a lokacin ne hoton ɗakin haihuwa da ruwan sama ke zuba a ciki, haɗe da hoton takardar da aka karɓa aka yi shiru, zai yi aiki a Facebook da kuma gidajen rediyo, domin jami'in da ya ga hatimin ofishinsa yana yawo ba zai iya cewa bai sani ba.

Tambaya: Malam, mu a nan an taɓa yanke mana intanet bayan zaɓe. In har waya ba ta da tasirin da ake faɗa, me ya sa gwamnatoci ke tsoronta? (Daga wani ɗan kasuwa a Damagaram, Jamhuriyar Nijar)

Amsa: Alhaji, ban ce ba ta da tasiri ba, kuma abin da ka tuna shaida ne. Bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021, da aka bayyana Mohamed Bazoum a matsayin wanda ya yi nasara, Mahamane Ousmane ya ƙi amincewa, aka yi tarzoma a Yamai da wasu garuruwa, sai aka katse intanet na wayar salula na kimanin kwana goma. Abin da gwamnati ke tsoro a irin wannan lokaci shi ne sauri. A da kafin labarin harbi a wata unguwa ya isa wani gari, hukuma ta riga ta shirya bayaninta ta kuma tura jami'anta. Yanzu bidiyon yana isa ko'ina kafin a ɗauke gawar, kuma mutanen da kowannensu yake zaton shi kaɗai ne ke fushi sai su gano cewa suna da yawa.

Ko katsewar tana biyan buƙata, wannan ya danganta da abin da ke ƙasa. Gwamnatin Masar ta rufe intanet ranar 28 ga Janairun 2011, mutane suka fito daga masallatan Juma'a suka cika tituna, kuma Hosni Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu. A Sudan, bayan an tarwatsa zaman dirshan na gaban hedikwatar soja a Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019, sojoji sun rufe intanet na sama da wata guda, amma ranar 30 ga Yuni jama'a suka fito da yawan da ya girgiza masu mulki. Kwamitocin unguwanni ne suka yi wannan aiki, suna bin gida-gida, suna raba takardu, suna rubutu a bango, domin maƙwabta ne da ba sa buƙatar data kafin su sami juna. A Nijeriya gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021 bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban, aka shafe kimanin wata bakwai kafin a buɗe ranar 13 ga Janairun 2022, kuma a tsawon lokacin masu amfani da shi da dama sun ci gaba da shiga ta manhajojin VPN masu ɓoye ƙasar da mutum yake. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci daga baya cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Inda katsewa take cin nasara shi ne inda gangamin ba shi da wata igiya da ta ɗaure mutanensa sai wayar. Kuma ko a can, mai sayar da kaya ta waya da mai jiran kuɗi daga ɗansa da ke ci-rani su ne ke fara ɗanɗana kuɗarta, kamar yadda mutanen Zamfara suka gani da aka rufe layukan sadarwa a watan Satumban 2021 da sunan yaƙi da 'yan bindiga.

Tambaya: Malam, ƙanena ya zama ɗan data, wani ɗan siyasa ke ba shi kuɗi yana zagin abokan hamayya a Facebook da TikTok. Yana cewa wai shi ma gwagwarmaya yake yi. Me za ka ce masa? (Daga wani magidanci a Fagge, Kano)

Amsa: Malam, sana'ar ƙaninka tana da asali, domin kafin 'yan data akwai sojojin baka da ake saya wa fili a gidajen rediyon Kano su yabi uban gida su soki abokin hamayyarsa. Bambancin shi ne a rediyo akwai editan da ke tace magana saboda tsoron hukuncin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, a waya kuwa babu kowa tsakanin yaro da kotu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran da aka yi mata a 2024, har yanzu ana kama mutane da shi. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A wannan watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Dutse saboda abin da ya rubuta a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, ba a janye ƙarar ba sai da ɗalibai da sauran jama'a suka yi ca a kai. Ina ganin an wuce gona da iri a waɗannan shari'u, amma ya kamata ƙaninka ya lura cewa waɗanda ke shiga hannu a irin wannan harka 'ya'yan talakawa ne, ba masu ba da kuɗin data ba.

Maganar gwagwarmaya kuwa, akwai ma'auni mai sauƙi. Ka tambaye shi ko zai iya rubuta abu ɗaya da uban gidansa ya yi ba daidai ba. Mutanen jam'iyyar NEPU da suka fito da sanarwar Sawaba a 1950 an ɗaure su, an yi musu bulala a kotunan alƙalai, an kore su daga garuruwansu, Hajiya Gambo Sawaba kanta ta sha shiga kurkuku, kuma abin da suke nema na talakawa ne baki ɗaya. Ɓarnar siyasar haya a waya ta wuce zagi, domin ta nan ƙarya ke samun masu yaɗa ta. A 2018 jita-jitar cewa Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani Jibrin daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da shugaban ya fito da kansa a ƙasar Poland a watan Disamba ya ce shi ne da gaske. Idan mutane suka saba ganin kowane ƙorafi a matsayin aikin wanda aka biya, ranar da malamar Gusau ta sa hoton asibitinsu sai a tambaye ta wa ya turo ta.

Ka kuma tuna masa abin da ya faru a garinku a watan Agustan 2024. Kiran zanga-zangar tsadar rayuwa ya bazu a TikTok da WhatsApp, dubban matasa suka fito ranar 1 ga watan, amma babu wani tsari da zai riƙe su a kan hanya ɗaya, sai aka fasa wurare aka kwashi kaya, gwamnati ta sa dokar hana fita, aka rasa rayuka, wasu kuma suka ɗaga tutar Rasha da yawancinsu ba su san abin da za ta jawo musu ba. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, da yawansu yara ne masu ƙananan shekaru da suka shafe kusan wata uku a tsare. Wasu daga cikinsu sun yanke jiki sun faɗi a cikin kotun, aka ɗauki bidiyon da waya, ya zagaye ƙasar cikin sa'o'i, kuma bayan kwana uku Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a saki yaran.

Masu tambaya a kan sauya sheƙar 'yan majalisa da matsayin kujerunsu a doka su yi haƙuri, za mu ɗauki wasiƙunsu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.